WA KE BIYAN KUƊIN YAƘI? DARASI DAGA FASTOCIN YAƘIN HITILA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Duk lokacin da aka yi maganar asusun tsaro a Zamfara, ko aka ce za a nemi gudummawa wajen 'yan kasuwa da ma'aikata don a tallafa wa masu yaƙi da 'yan bindiga, sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce ai dole ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasu su ce ina kuɗin da aka ware a baya? Kowa da gaskiyarsa. Abin da nake so in tunatar da mu shi ne, wannan gardama ta girme mu. Kakanninmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi an taɓa neman su biya kuɗin wani yaƙi, sun kuma biya. Yadda aka roƙe su, da abin da aka karɓa, da abin da aka mayar musu, duk akwai darasi a ciki.

YADDA GWAMNATI KE SAMUN KUƊIN YAƘI

Yaƙi ba ya cin alkawari, kuɗi yake ci. Gwamnatin da ta shiga yaƙi hanya 3 gare ta: ta ƙara haraji, ko ta buga sababbin kuɗi, ko ta ci bashi. Haraji yana da iyaka, in ya yi yawa mutane su yi bore. Buga kuɗi kuwa kowa ya san ƙarshensa, kaya su yi tsada, kuɗin su zama takarda. Saura bashi. A yaƙin duniya na 1 da na 2 manyan ƙasashe sun gano cewa bashin da ya fi sauƙi shi ne wanda za su ci a hannun talakawansu. Sai su buga takardar lamuni, ka saya yau, bayan wasu shekaru a mayar maka da kuɗinka har da ƙari.

A Amurka, alal misali, daga 1941 mutum yakan sayi takarda a kan dala 18.75, bayan shekara 10 a ba shi dala 25. Kafin a gama yaƙi mutum wajen miliyan 85 sun saya, an tara kimanin dala biliyan 185. Akwai kuma wata manufa da ba a cika faɗa wa jama'a ba. Lokacin yaƙi masana'antu sun koma ƙera makamai, kayan masarufi sun yi ƙaranci, ga albashi a hannun ma'aikata. In aka bar kuɗin a aljihu za su bi ɗan kayan da ya rage, farashi ya tashi. Takardar lamuni tana kwashe kuɗin daga kasuwa ta adana su har a gama yaƙi. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, Keynes, ya rubuta ɗan littafi a 1940 a kan wannan dabara.

To amma ta yaya za ka sa mutum ya hana kansa nama da sabuwar riga ya ba gwamnati rance? A nan fasta ta shigo. Aka ɗauko masu zane mafi gwaninta aka ce su taɓa zuciya. Wata fasta tsoro take sa wa, ka ga inuwar abokin gaba tana rufe yara suna wasa. Wata kunya take sa wa, ga soja ya ji rauni yana kallonka, kamar yana tambaya me ka bayar. Wata kuma alfahari. Hoton nan na sojojin Amurka suna kafa tuta a tsibirin Iwo Jima a 1945, shi aka mayar fasta a zagaye na 7 na sayar da takardun. A Ingila a 1943 sun ƙirƙiro wani mummunan ƙwaro mai tambarin Hitila a jikinsa, yana raɗa wa matan gida a kunne su kashe kuɗi a kanti. Ma'ana, duk wadda ta yi almubazzaranci Hitila take yi wa aiki. Suna kuma ware mako guda kowane gari ya tara kuɗin jirgin ruwa ko na sama, a kafa allo a dandali ana nuna inda aka kai, gari na gasa da gari.

Ku riƙe abu ɗaya: duk waɗannan fastoci, komai daɗin bakinsu, a ƙarƙashinsu akwai yarjejeniya. Ba ni yau, in biya ka gobe, ga takarda a hannunka.

DA ABIN YA ISO ƘASAR HAUSA

Ingila ta shiga yaƙi da Jamus ranar 3 ga Satumba 1939, mu kuma muna ƙarƙashinta, ba wanda ya tambaye mu. Gwamnan Nijeriya a lokacin Bourdillon ne. Sarkin Musulmi Abubakar na 3 bai daɗe da hawa ba, a 1938 aka naɗa shi. Ƙaura da Zurmi da yankin Shinkafi duk ƙarƙashin En'e ta Sakkwato suke, a Lardin Sakkwato.

Tun kafin a fara harbi Turawa sun ga suna da matsalar magana da jama'a. Jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa wa Hitila Nijeriya don a zauna lafiya. Kashe irin wannan ji-ta-ji-ta na cikin dalilan da suka sa aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam na edita, Dokta East na kula da ita. Daga baya aka ƙara 'Yar Gaskiya da ajami saboda waɗanda ba su karanta boko, aka kuma fito da wata takardar labarin yaƙi mai suna Suda. A Landan ma'aikatar watsa labarai ta buga fastoci don ƙasashen da ke ƙarƙashinsu. Akwai wadda ta nuna sojojin daular suna maci kafaɗa da kafaɗa, Bature da Ba'indiye da baƙar fata, akwai kuma wadda aka zana sojan rundunar Afirka ta Yamma shi kaɗai, aka kira mu abokan ƙawance.

Sai dai fasta aikinta a bangon gari mai masu karatu. Mutumin Dauran ko Moriki ko Badarawa a 1941, wace fasta zai tsaya karantawa? Don haka a wajenmu fastar ta zama mutum. Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya tara dagatai, dagaci ya sa mai shela ya zaga ran kasuwa. Malamin makaranta ko malamin haraji ya karanta Gaskiya da ƙarfi a ƙofar fada, mutane na saurare. Motar majigi ta zo da dare a kafa farin ƙyalle, a nuna jirage da tankoki, mai fassara na bayani da Hausa yadda ya ga dama. Saƙon dai ɗaya ne: Hitila azzalumi ne, ya raina baƙar fata, in ya ci yaƙi bauta za ta dawo, ku taimaki Sarkin Ingila. Maganar raina baƙar fata kuwa gaskiya ce, ya rubuta da hannunsa. Farfaganda mai ƙarfi ba ta rasa gaskiya a cikinta.

An buɗe asusu iri-iri. Akwai na agajin yaƙi, akwai na cin nasarar yaƙi, akwai na sayen jirgin yaƙi samfurin Spitfire, wanda aka yanka wa farashin fam 5,000 kowane ɗaya. Abin da Nijeriya ta tara ya kai har aka laƙaba wa runduna ta 91 ta mayaƙan saman Ingila sunan Nijeriya. An kuma sayar da takardun ajiya ga masu albashi, malaman En'e da akawuna da ma'aikatan reluwe.

A nan bambancin yake. Mutumin Landan rance ya bayar, yana da takarda. Manomin Zurmi gudummawa aka ce ya bayar. Kuma mu da muka san tsarin sarauta mun san ma'anar gudummawar da dagaci ya zo karɓa da dogari a bayansa, a hannun da ke karɓar haraji da jangali. Wanda ya isa ya ce ba ya bayarwa, sai ya nuna mana gonar da zai noma baɗi. Kuɗin ajiyar Baitulmali ma, wanda asalinsa harajin talakawa ne, dama a Landan ake juya shi cikin takardun lamunin gwamnatin Ingila. Kuɗin da ke aljihun mutane, sule da sisi da taro da kwabo, hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ce ke buga su tun 1912, kuma kowane fam sai an ajiye madadinsa a Landan. Wato mun ba da rance ta hanyoyin da ba mu ma san muna bayarwa ba.

TASHAR ƘAURA DA BABBAN RANCEN DA BA A RUBUTA BA

Layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan ya tsaya. Ba don a kai mu ziyara aka shimfiɗa shi ba, don gyaɗa da auduga da fatu ne. Duk abin da aka noma daga Shinkafi da Isa da Zurmi, har da wanda ke gangarowa daga wajen Maraɗi, Ƙaura yake nufa a kan jakuna da raƙuma, a auna a sikeli, a ɗura a buhu, a loda a jirgi sai Ikko.

Yaƙi ya taɓa wannan harka ta fuska biyu. Ta farko, a Yunin 1940 Jamus ta ci Faransa, Nijar kuma ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus har zuwa Nuwamban 1942. Kwatsam iyakar da ke arewa da Zurmi da Shinkafi ta zama iyakar abokan gaba. Mutanen da ke auratayya da cin kasuwa ɗaya tun kafin zuwan Bature, aka ce kada wannan ya kai wa wancan kaya. Ta biyu, a farkon 1942 Japan ta kame Malaya da Singafo da tsibiran da yau ake kira Indunusiya. Ingila ta rasa inda take samun kuza da roba da man girki. Sai ido ya dawo kanmu.

Daga nan kiran ya canza. Noma gyaɗa ya zama aikin yaƙi. Aka riƙa gaya wa manomi cewa kowane buhu harsashi ne a kan Hitila. A 1942 aka kafa hukumar da ta karɓe sayen amfanin gona na Afirka ta Yamma gaba ɗaya. Ita ke yanka farashi, kamfanoni irin su UAC da John Holt su saya a madadinta, manomi ba shi da wani mai saye. Farashin da ake ba shi yana ƙasa da abin da gyaɗar za ta yi a kasuwar duniya. Wannan gibin, in ka lissafa shi buhu-buhu shekara-shekara, shi ne babban rancen da ƙasar nan ta ba Ingila. Ba fasta, ba takarda, ba ranar biya.

Ba a tsaya kan gyaɗa ba. Daga 1942 zuwa 1944 an yi aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, wanda mutane suka sa wa suna diban gwamna. An kwashi mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa, kowane hakimi da adadin da zai kawo. Mutumin da ya saba da zafin ƙasarmu aka kai shi sanyin tsaunin Filato ba bargo ba isasshen abinci. Da yawa sun gudu, wasu cuta ta kashe su a can. Hatsin da za a ciyar da leburorin da sojoji kuma daga rumbunan talakawa aka tara shi a farashin gwamnati. Sai ga damina ta yi gardama. Yunwar 1942 zuwa 1943 har suna gare ta a ƙasar Hausa, 'Yar Gusau ake ce mata.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta san wani abu wai shi takardar lamuni ba. In ta tashi labarin yaƙin Hitila abu biyu take ambata: gishiri da ya ɓace har ana miya lami, da tufafi da suka yi wuya har mace ta wanke zanenta ta zauna ɗaki tana jiran ya bushe. Abin da ya rage a bakin mutanen dauri ke nan.

Sannan ga jini. Fiye da 'yan Nijeriya 100,000 suka sa kaki. Sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sannan runduna ta 81 da ta 82 suka tafi dajin Bama suka kara da Japan. Hausa ce harshen bariki a lokacin. Duk wanda ya taɓa mamakin sunayen barikokinmu, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Dodan a Legas, to daga wancan yaƙi aka samo su.

RANAR BIYA

Bahaushe ya ce cin bashi da daɗi, biya da wuya. Darajar takardar lamuni tana ga amanar wanda ya buga ta. Jamusawan da suka sayi takardun yaƙin duniya na 1 da duk abin da suka mallaka, a 1923 kuɗin ƙasarsu ya lalace har dala 1 ta kai mak tiriliyan 4.2, takardunsu suka zama abin kunna wuta. Ingila kuwa ta rage ribar da ta yi alkawari a 1932, ta ci gaba da jan bashin, ba ta gama biyan ragowar fam biliyan 1.9 na wancan yaƙi ba sai a 2015. Ta yi jinkiri na kusan shekara 100, amma akwai littafi, akwai sunaye, an biya magada.

Mu fa? Ma'aikata su suka fara tambaya. Tsadar rayuwa ta ninka, albashi bai motsa ba, a Yunin 1945 aka shiga yajin aikin gama-gari na kwana 44, ma'aikatan reluwe a gaba, Michael Imoudu na jagora. Sojojin da suka dawo daga Bama, wasu sun samu aikin dogari ko masinja ko gadi, da yawa sun koma gona da lambar girma a aljihu. Manomi kuwa, tsarin da aka ce na yaƙi ne bai tafi da yaƙin ba. A 1949 aka mayar da shi hukumar sayen gyaɗa, a 1954 ya zama hukumar ciniki ta Jihar Arewa, aka ci gaba da riƙe wani kaso na guminsa har 1986 da aka rushe hukumomin.

Don a yi adalci, wani ɓangare na kuɗin ya dawo. Gwamnatin Sardauna ta yi amfani da rarar hukumar wajen gina masaƙu da makarantu da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda da yawanmu muka yi karatu a cikinta. Ina cikin waɗanda suka ci gajiyar gyaɗar kakanninsu. Amma ku je ku dubi tashar Ƙaura yau, ku dubi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya, ku gaya mini ko an biya waɗanda suka fi kowa bayarwa.

Darasi na biyu ke nan: abin da aka ƙaƙaba da sunan yaƙi ba ya saurin tafiya. Wanda ya ɗanɗana karɓa ba ya son bari.

A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an sake gwadawa, wannan karon gwamnatinmu ce. Awolowo na kwamishinan kuɗi a ƙarƙashin Gowon, aka yi yaƙin ba tare da cin bashin waje ba. An ƙara haraji, an taƙaita shigo da kaya, an canza takardun kuɗi a Janairun 1968, an ci bashin cikin gida, an kuma riƙa cire kashi 5 cikin 100 na albashin ma'aikata a matsayin ajiyar dole. Rediyon Kaduna da mawaƙa suka yi aikin da fasta ta yi a Turai. Ko ba komai, an kira abin da sunansa, ajiya, wato akwai alkawarin mayarwa.

YAU KUMA WA KE KARƁA?

Abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi shi ne halin da muke ciki. Yau ma mutanen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura suna biyan kuɗin yaƙi, sai dai mafi yawansa ga abokin gaba yake tafiya. Ƙauye ya tara miliyoyi kafin a bar shi ya yi shuka, ya sake tarawa kafin girbi. A ɗauke mutum a sayar da gona da shanu a fanso shi, a haɗa da babur da katin waya. Wasu wuraren har aikin gayya ake sa mutane a gonakin 'yan bindiga. Diban gwamna ya dawo, gwamnan ne kawai ya canza. Su ba sa buƙatar fasta, wasiƙa ɗaya ko saƙon murya ɗaya ya isa, domin kowa ya san abin da zai biyo baya in ba a biya ba.

Ta ɓangaren hukuma ma mun biya. A Satumban 2021 an rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar nan. Duk wanda ya san abin da kasuwar Shinkafi take a wajen mutanen yankin ya san wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. An ce mu yi haƙuri na ɗan lokaci ne, mun yi. A matakin ƙasa, a Disambar 2017 gwamnoni sun amince a cire dala biliyan 1 daga asusun rarar mai don tsaro. Kafin nan an yi badaƙalar kuɗin makamai ta dala biliyan 2.1 da ta fito fili a 2015. Mutumin da ya ji waɗannan lambobi, sannan ya kwana a daji saboda tsoro, in ka zo masa da maganar gudummawa dole ya dube ka sau biyu. Ba rashin kishi ba ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda takardar albashi take, layi-layi na abin da aka cire. Kuma ina faɗa da gaske, in za a cire wani abu don 'ya'yanmu su yi barci a gida, wallahi ban ƙi ba. Askarawan da aka ƙaddamar a Janairun 2024, da sojoji da 'yan sandan da ke kwana a hanyoyin nan, 'ya'yan wasu ne, suna buƙatar mota da mai da magani, iyalan waɗanda suka rasu suna buƙatar kulawa. Kafa asusun tsaro tunani ne mai kyau. Abin da tarihi ya koya mana shi ne sharuɗɗan da ke sa irinsa ya yi albarka.

Na 1, a kira abu da sunansa. In haraji ne a ce haraji, majalisa ta yi masa doka. In gudummawa ce ta zama ta ganin dama, kada a bi ta hannun mai unguwa a mayar da ita dole a kan wanda ya riga ya biya 'yan bindiga sau biyu a shekara. In rance ne a ba da takarda.

Na 2, a nuna lissafi. Turawan nan da muke zagi, ko don farfaganda, sukan rubuta sunan masu bayarwa a jikin jirgi su ɗauki hoto su nuna. Asusun tsaro na Jihar Legas, wanda aka kafa a 2007, duk shekara yana tara jama'a ya karanta abin da ya shigo da abin da aka saya. Me zai hana a manna irin wannan a sakatariyar Zurmi da ta Shinkafi da ta Ƙaura, a karanta a rediyo da Hausa? An karɓi kaza, an sayi mota kaza, tana gari kaza. Gani ya kori ji.

Na 3, a sa ranar ƙarewa. Duk abin da za a cire da sunan tsaro a rubuta shekarar da zai tsaya, sai in majalisa ta sabunta a bainar jama'a. Kada mu maimaita labarin hukumar gyaɗa.

Na 4, a fara daga sama. Masu riƙe da muƙamai da 'yan kwangila da masu haƙar zinariya su fara ajiye nasu a fili, kafin a zo kan mai albashin mataki na 4 da mai tallan ƙuli-ƙuli.

Na 5, in rance za a nema, akwai hanyar da ta dace da addininmu. Da yawa daga cikinmu ba za su taɓa takarda mai kuɗin ruwa ba, ko da takardun ajiyar da gwamnatin tarayya ta fara sayarwa a 2017 daga naira 5,000. Amma a shekarar nan ta 2017 an fitar da sukuk na naira biliyan 100 aka zuba a hanyoyi 25, kuma duk mai tafiya ya ga allunan da ke cewa da kuɗin sukuk aka yi wannan yanki. Wannan allo shi ne fasta mafi gaskiya da na sani a ƙasar nan, domin yana tsaye kusa da abin da yake magana a kai. Hanya mai kyau da gada da turken waya a yankunanmu su ma kayan tsaro ne, kuma irin ayyukan da sukuk ke iya ɗauka ne. 'Yan Zamfara da ke Kano da Abuja da Legas da ƙasashen waje za su saya in sun ga amana.

Kakanninmu sun ba da gyaɗa da hatsi da 'ya'ya don yaƙin da ba nasu ba, ba su ga lissafi ba har suka koma ga Allah. Wannan yaƙin namu ne, a ƙofar gidanmu ake yin sa, gawarwakin namu ne. Mun fi su hujjar bayarwa, mun kuma fi su hujjar tambaya. Neman lissafi ba adawa ba ce, alkawari kaya ne, kuma shugaban da ya nuna lissafi shi zai fi samun masu ba shi.

Ina roƙon dattawanmu da ke nan, da duk wanda ya ji labarin diban gwamna ko 'Yar Gusau ko yaƙin Bama daga bakin iyayensa, ya rubuta mana abin da ya ji a ƙasa. Masu wannan labari suna ƙarewa. Wanda kuma yake ganin akwai inda ya kamata a duba ta wata fuska, bismillah, a yi magana cikin mutunci ban da zagi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya. Amin.